SAMPEA 20-T, SAMPEA 14 ko Kanannado: wane wake ya dace da gonarka?

Duk manomin da ya taɓa shuka wake zalla a gona ya san inda asarar take faruwa. Ganye ya yi shar, yaɗo ya rufe kunya, fure ya fito fal, sai kuma ya fara kaɗewa. In ka tsinki ɗaya daga cikin furannin da suka yi yaushi ka buɗe shi da farce, sau da yawa za ka tarar da 'yar tsutsa fara-fara, mai ɗigon baƙi jere a gadon baya, ta cinye cikin furen ta bar kashinta. In ta ƙara girma sai ta koma kan kwanso. Ta fi son wurin da kwanso biyu suka haɗu, ko inda kwanso ya jingina da ganye, ta saƙa yana ta liƙe su, sannan ta huda ta shige. Masana suna kiranta Maruka. A shekarar da ta yi yawa tana iya lashe kashi 80 cikin 100 na amfanin gonar, kuma abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne a ɓoye take cin abincinta, cikin fure da cikin kwanso, inda maganin feshi ba ya isa gare ta sosai.

A yau manomin wake a Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Bauchi ko Borno yana da zaɓi uku a gabansa. Akwai irin gida, su Kanannado da Ɗan'ila da danginsu. Akwai ingantaccen iri da masana suka samar ta hanyar barbarar wake da wake, kamar SAMPEA 14 da SAMPEA 15 da aka fitar a 2011. Sannan akwai SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa ƙwayar gado (wato abin da ke ɗauke da halin da ake gada daga iyaye) daga wata halitta daban domin ya kare kansa daga Maruka. Kusan duk muhawarar da ake yi a rediyo da Facebook a kan na ukun take, wasu na cewa guba ne, wasu na cewa shi ne mafita. A ganina tambayar da za ta raba wa manomi gardama ta fi wannan kusa da gona: me kake nema, ƙwaya ko harawa, kuma wane ƙwaro ne yake cinye maka riba?

Bari mu fara da sabon, wato SAMPEA 20-T, tunda shi ne ba a sani ba sosai. Kafin a kai ga taɓa ƙwayar gado, sai da masanan cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan suka bincika nau'o'in wake sama da 15,000 da ke ajiye a rumbunsu, suna neman wanda Maruka ba ta iya ci. Ba su sami wanda juriyarsa ta kai a dogara da ita ba. Akwai wani ɗan'uwan wake na daji da yake da juriyar, amma ba ya karɓar barbara da waken gida. Da wannan hanya ta toshe ne aka juya ga wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Ba baƙuwa ba ce. Wani masani ɗan Japan ne ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Har gobe masu noman da ba sa amfani da sinadari suna fesa ta a kan kayan lambu. Ƙwayar gado ɗaya aka ɗauko daga jikinta, mai suna Cry1Ab. Tawagar T.J. Higgins a cibiyar binciken kimiyya ta CSIRO da ke Ostiraliya ce ta yi aikin shigar da ita cikin wake, gidauniyar fasahar noma ta AATF da ke Nairobi ta karɓo izinin amfani da ita daga kamfanin Monsanto ba tare da biyan kuɗin mallaka ba, sannan Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, suka yi barbara da gwaje-gwajen gona tun daga 2009. Hukumar NBMA, wadda ke sa ido kan abubuwan da aka sauya wa ƙwayar gado a Najeriya, ta ba da izini a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista a Disambar wannan shekarar, aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a Yunin 2021.

Waken da aka ɗora wa wannan ƙwayar gado sananne ne. SAMPEA 10 ne, wanda masana suka sani da lamba IT97K-499-35, farin wake matsakaici mai jure wuta-wuta. Shi ne kuma waken da masanan Jami'ar Kalifoniya ta Riverside suka zaɓa lokacin da suka karanta jerin ƙwayoyin gadon wake gaba ɗaya suka wallafa a 2019. Don haka da wuya a sami wani wake a duniya da aka san cikinsa kamar wannan.

Yadda yake aiki shi ne, tsiron yana ƙera wani furotin a ganyensa da furensa da kwansonsa. In tsutsa ta ci, ruwan cikinta, wanda yake mai kanwa-kanwa ne, yana narkar da furotin ɗin ya farkar da shi, sai ya maƙale a wasu gurabe na musamman a bangon hanjinta ya huda shi. Tsutsar ta daina ci, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Abin kamar makulli ne da kwaɗo: in babu waɗannan gurabe, furotin ɗin ba shi da inda zai kama. Hanjin mutum da na akuya da na kaza ba su da su, cikinmu kuma mai tsami ne, yana narkar da shi kamar sauran furotin ɗin abinci. Tun 1996 ake noman masara da auduga masu Bt a Amurka, kuma a 2016 Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar ta duba bincike kusan 900 ta ce ba ta ga shaidar cewa irin waɗannan amfanin gona sun fi na yau da kullum haɗari ga lafiyar mai ci ba. Akwai masu adawa, fitacciya a cikinsu ita ce ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF ta Nnimmo Bassey, kuma ba duk maganarsu ce abin watsarwa ba. Tambayarsu a kan wa zai riƙe ragamar iri nan gaba, da kuma haƙƙin mai saye ya san abin da yake saye, tambaya ce mai nauyi. Amma a kan batun guba, hujjar da ke ƙasa ba ta goyi bayansu ba. Abin da na fi jin tsoro a kwanon wake shi ne abin da aka fesa masa a gona da abin da aka zuba masa a sito.

To ga inda masu tallar irin suke saurin wucewa. Wannan makullin kwaɗo ɗaya yake buɗewa. Darɓar da ke taruwa baƙi ƙirin a kan tsiro tun yana ƙarami, Bt ba ya taɓa ta. Ƙananan ƙwarin nan sirara da ke shiga fure su sa shi zubewa tun bai buɗe ba, ba ya taɓa su. Masu dogon baki da ke tsotse kwanso su bar shi a shanye, ƙwayar ciki ta motse, su ma ba ruwansu da shi. Shi ya sa su kansu masanan Samaru ba su ce a ajiye famfon feshi ba. Cewa suka yi feshi biyu ya isa, ɗaya lokacin da wake ya fara ɗaure fure, ɗaya lokacin da ya fara zuba kwanso, maimakon shida zuwa takwas da masu noman kasuwa suke yi. Manomin da ya ji an ce "wake mai maganin ƙwari" ya shuka ya naɗe hannu, zai iya tashi da asara, ya kuma ɗora wa irin laifin da ba nasa ba.

Wannan lissafin na shida zuwa takwas ma yana buƙatar a tsaya a kansa. In kana cikin masu feshi duk mako daga fitowar fure, ragin da za ka samu babba ne: kuɗin magani, kuɗin mai feshi, ɗaukar ruwa zuwa gona, da kuma lafiyar yaron da ke goye da famfo. Duk mun san yadda ake yi. Ana auna magani da murfin kwalba, a dama da kara, babu safar hannu babu abin rufe hanci, famfon yana ɗiga a gadon baya, iska ta juyo ta watsa masa a fuska, ya gama ya wanke hannu sama-sama ya ci tuwo. Rage wannan daga sau bakwai zuwa sau biyu ba ƙaramin abu ba ne, ko da buhu ɗaya bai ƙaru ba. Amma in dama kai mai feshi biyu ne ko uku saboda abin da aljihu ya iya ke nan, ba za ka ga ragin kuɗi sosai ba. Ribarka za ta fito ne ta wajen yawan kwanson da ya tsira.

A nan ne SAMPEA 14 da SAMPEA 15 suke shigowa, kuma ina ganin ana yi musu rashin adalci da aka daina maganarsu. Su ma suna nuna da wuri, suna jure wuta-wuta, suna kuma jure ƙarancin ruwa daidai gwargwado. Binciken IITA a Kano ya daɗe da nuna cewa ingantaccen iri ba ya buƙatar feshin kowane mako, feshi biyu zuwa uku da aka yi a kan lokaci suna ba da amfani mai kyau. Matsalar tana cikin kalmar "a kan lokaci". Da SAMPEA 14, in Maruka ta sauka ka makara da kwana huɗu ko biyar, saboda ruwan sama ya hana ka ko kuɗin magani bai zo ba, tsutsar ta riga ta shige kwanso, feshin da za ka yi daga baya rabinsa asara ne. Da SAMPEA 20-T kariyar tana cikin tsiron dare da rana, ruwa ba ya wanke ta. Don haka bambancin da ke tsakaninsu yana girma ne a wurin da Maruka ta fi yawa, wato inda damina ta fi nauyi, kamar kudancin Kaduna, Neja, kudancin Bauchi da Adamawa, yana kuma raguwa yayin da ka nausa arewa inda ruwa ya yi ƙaranci. Wannan tsutsa ba ta iya zama a arewa mai nisa duk shekara. A kudu take yin rani a kan wasu itatuwan daji dangin wake, sai malam-buɗe-littafinta ya biyo damina zuwa arewa. Akwai shekarun da take isowa da yawa, akwai waɗanda ba ta cika yawa ba. Manomin Daura ko Gumel da babbar damuwarsa wuta-wuta ce da ɗaukewar ruwa zai iya samun biyan buƙata da SAMPEA 14 in shi ne ya fi sauƙin samu a kusa da shi.

Dukansu ukun, 14 da 15 da 20-T, suna da sharaɗi ɗaya: gonarsu suke so. Gajeru ne, a tsaye suke, ba sa son inuwa. In ka cusa su a ƙarƙashin doguwar dawa yadda ake yi wa irin gida, za su yi siriri su ba ka kaɗan. Ko dai ka shuka su zalla, ko ka bi tsarin da masanin wake B.B. Singh ya yaɗa lokacin da yake IITA a Kano, kunya biyu na hatsi, kunya huɗu na wake. Suna son shuka mai kauri, kusan santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 20 zuwa 25 tsakanin rami da rami, da ɗan takin supa. Sannan a lura da lokaci. SAMPEA 20-T yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75. In ka shuka shi da ruwan farko zai bushe a tsakiyar Agusta, ruwa yana dukan kwanso, ƙwayar ta yi baƙi ta rube. A yankin Kano daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta ya fi dacewa, domin ya nuna daidai lokacin da ruwa yake janyewa. Tan 2.9 a hekta da ake ambata masa kuwa, iyakar abin da zai iya ne a gonar da komai ya cika. Kada ka ci bashi a kan wannan adadi.

Yanzu Kanannado. In ƙwaya kaɗai za a auna, ba zai yi gasa da waɗancan ba, musamman a ƙarƙashin gero inda abin da ake samu a hekta sau da yawa ba ya kai rabin tan. Amma wanda ya auna Kanannado da ƙwaya kaɗai bai fahimci dalilin da ya sa kakanni suka riƙe shi ba. Wake ne da ke bin tsawon yini: duk lokacin da ka shuka shi, ba zai yi fure ba sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina. Kafin nan yana zaune a ƙarƙashin gero yana haƙuri da inuwa, da an girbe gero sai ya baje ya rufe gona, saiwarsa ta nutsa ta bi sauran laimar ƙasa. Abin da yake tarawa a wannan lokaci shi ne harawa, kuma ganyensa yana nan kore har a yanke a naɗe a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki. Gajerun iri suna ba da harawa, amma kaɗan ce, kuma in ruwa ya dake ta bayan an cire kwanso ba ta ajiyuwa. Mai tumaki biyar da shanun huɗa biyu, ko mai kiwon ragunan layya, ya san abin da damin harawa yake kaiwa a bazara. A gidaje da yawa kuɗin harawa yana kamo kuɗin ƙwayar, wani lokaci ya wuce. Ga wannan manomi, barin Kanannado gaba ɗaya saboda sabon iri kuskure ne, ko da sabon ya ninka masa buhuna.

Kasuwa ma tana da nata ra'ayin. Binciken farashi da aka yi a kasuwannin Afirka ta Yamma ya nuna masu saye suna ƙara kuɗi a kan wake mai manyan ƙwaya, suna kuma rage kuɗi a kan mai huji. Kanannado babba ne, SAMPEA 20-T matsakaici ne. In dillalinka a Dawanau na masu kai kaya Legas da Ibadan ne, inda aka fi son jan wake, to farin wake kowane iri ne ba shi ne gaban goshinsa ba. A ɗaya ɓangaren, mai gajeren iri yana fito da sabon wake a Oktoba, lokacin da tsohon ya ƙare kuma farashi bai faɗi ba tukuna, mai Kanannado kuwa sai Nuwamba ko Disamba tare da kowa. Tambayi mai sayen kayanka kafin ka sayi iri.

Ana yawan cewa in ka shuka SAMPEA 20-T ba za ka iya ajiye iri ba, wai ba zai tsiro ba a shekara ta biyu. Ba haka ba ne. Wake yana yi wa kansa barbara tun furen bai buɗe ba, kuma wannan irin ba haɗin-aure ba ne irin na masarar kamfani, saboda haka abin da ka girbe zai tsiro da halinsa. Abin da ke lalata shi shi ne cakuɗuwa a wurin sussuka da a buhu, shi ya sa ake son a sabunta iri bayan 'yan shekaru. Babban haɗarin ma yana wajen saye. Da ido ba za ka bambance SAMPEA 20-T da SAMPEA 10 ba, ko da wani farin wake na kasuwa. Duk wanda ya auna maka a kwano ya ce "wannan ne na Samaru", ba ka da hanyar tabbatarwa sai tsutsa ta shiga gonarka. Saye shi a rufaffiyar leda mai tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, daga dillalin da za ka iya komawa wurinsa.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa manomi tun yanzu: ƙwari suna sabawa. A Afirka ta Kudu an ba da rahoto a 2007 cewa tsutsar karan masara ta fara jure wannan furotin ɗin na Cry1Ab. A Indiya jar tsutsar auduga ta karya kariyar audugar Bt, har da mai ƙwayar gado biyu. Abin da ke jinkirta wannan shi ne a sami isassun tsutsotsin da suka girma a kan tsiron da ba shi da Bt, su riƙa barbara da 'yan kaɗan ɗin da suka tsira. A nan itatuwan daji da Maruka ke rayuwa a kansu suna taimakawa, haka nan kowace gonar Kanannado da ta SAMPEA 14 da ke kusa. Masana suna aikin ƙara ƙwayar gado ta biyu, Cry2Ab, domin ƙarfafa kariyar. Kafin ta iso, ƙauyen da kowa ya koma iri ɗaya yana gajarta wa irin kwana ne.

Izinin da aka ba SAMPEA 20-T na Najeriya ne kaɗai. Gana ta fitar da nata mai suna Songotra-T a 2024 bayan nata gwaje-gwajen. Ga manomin Maradi ko Damagaram, inda dama Maruka ba ta kai ta kudu yawa ba, binciken da ya fi kusa da shi shi ne na ruwan 'ya'yan darbejiya, wanda masana irin su Ibrahim Baoua suka gwada a gonakin manoma, da kuma wasu ƙananan zanzaro biyu da tawagar Manuele Tamò ta IITA a Kwatano ta kawo daga Asiya, masu yin ƙwai a jikin Maruka su kashe ta. Darbejiya ba ta kai maganin kanti saurin kisa ba, tana buƙatar maimaici, amma kyauta take a bakin hanya.

Kowanne ka zaɓa cikin ukun, ƙwaron sito bai san bambancinsu ba. Shi ɗan buzuzu ne, Bt na tsutsar malam-buɗe-littafi ba ya yi masa komai, kuma tun daga gona yake biyo wake. Wurin yaƙi da shi ne aka fi cutar da masu ci. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar sinadarin dichlorvos, wanda shi ne ke cikin Sniper da fiya-fiya, bayan an sami har miligiram 4.6 a kilo a inda dokarsu ta yarda da 0.01. Alhali maganin yana nan ba tare da guba ba. Buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ya samo asali ne daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue da masanan Marwa a arewacin Kamaru. In ka zuba busasshen wake ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin suna shanye iskar da ta rage, su daina ci, kuma binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin daga abincin da suke narkarwa da iska suke samun ruwan jikinsu. Kafin ka zuba, hura ledar ka danna ka ji ko tana yoyo, kuma ka ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Ga wanda yake noman wake zalla don sayarwa, a wurin da Maruka ke sauka duk shekara, kuma yake da hanyar samun iri na gaskiya, SAMPEA 20-T zan ce ya ɗauka, da feshinsa biyu. Ga mai dabbobi da ke shuka a ƙarƙashin gero, ya riƙe Kanannado, in yana da fili ya ware wani yanki don gajeren iri saboda kuɗin Oktoba. Wanda kuma yake kokwanto, gani ya kori ji: ya sayi kilo biyu, ya shuka gefe da gefe da irin da ya saba, rana ɗaya, taki ɗaya, feshi ɗaya. In fure ya kankama ya tsinki ashirin daga kowane ɓangare da sassafe ya buɗe ya ƙirga masu tsutsa. Ranar girbi ya auna ƙwayar kowanne daban, ya ƙirga daman harawar kowanne daban, ya sa musu farashin kasuwar garinsu, sannan ya cire kuɗin iri da na magani.